Sa'a ce ke yanke hukunci a wasan Catan, ko ƙwarewa?

Mai Allo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne muke haɗuwa duk ƙarshen mako domin wasannin allo, kuma kusan shekara guda ke nan Catan muke yi, wasan da ake kafa ƙauyuka kusa da gonaki masu lambobi, kuma gona ba ta ba da katin albarkatu sai dayis sun fito da lambarta. A makon jiya ɗaya daga cikinmu ya kafa ƙauyukansa biyu na farko a kan lamba 6 da lamba 8, amma aka yi ta jefa dayis zagaye bayan zagaye ko ɗaya ba ta fito ba, alhali wanda ya kafa a kan 11 sai kwasar alkama yake yi. Da aka tashi ya ce shi kam ya haƙura da wasan da ba ya saka wa mai tunani. Maganar ta dame ni, domin ya fi mu duka nazari, kuma ba na son mu rasa shi. Yana da gaskiya? Idan yana da ita, wane wasa za mu koma?

Dattijon Tebur:

Wa alaikumus salam. Malam, abokinka bai yi kuskure a lissafi ba. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Biyar daga ciki suna ba da 6, biyar suna ba da 8, biyu kacal ke ba da 11. Sai dai jifan da ake yi a zama guda bai kai yawan da zai tilasta wa lambobi bin wannan lissafi ba, don haka abin da ya same shi zai sake samun wani.

Inda na saɓa da shi shi ne ɗaukar dayis a matsayin zuciyar wasan. Klaus Teuber ya fitar da Catan a Jamus a 1995, kuma abin da ya bambanta shi da irin su Monopoly shi ne yawan cinikin katunan albarkatu tsakanin 'yan wasa, da kuma cewa ba a fitar da kowa daga wasa kafin a gama. Wanda lambobinsa suka yi shiru yana iya neman tashar jiragen ruwa ya riƙa musanya kati biyu ko uku da ɗaya maimakon huɗu, yana iya shawo kan sauran su ɗora ɓarawo, ɗan gunkin da ke hana gona ba da albarkatu, a gonar wanda ke kan gaba, yana kuma iya hana wa wanda ya kusa maki 10 na cin wasa katin bulo ko da me ya taya. Na sha ganin mai iya magana ya doke mai iya lissafi. Ku tambaye shi sau nawa ya yi tayin ciniki a ranar.

'Yar Kati:

Baba, ina girmama ra'ayinka, amma ciniki sai da abin sayarwa. Wanda ya yi zagaye biyar hannunsa babu kati, da me zai yi tayi? A ganina wannan aibi ne na gaske a Catan, kuma ba laifi ba ne mutum ya gaji da shi.

Shawarata ita ce Azul, na Michael Kiesling, wanda ya fito a 2017 ya kuma lashe kyautar Spiel des Jahres, wato gwarzon wasan shekara a Jamus, a 2018. Babu dayis a cikinsa. Ana zaro tayil masu launi daga jaka a jera su huɗu-huɗu a gaban kowa, kai kuma ka kwashe duk masu launi ɗaya daga wuri guda. Idan ka kwashi fiye da abin da layinka zai ɗauka, ragowar su zube ƙasa a rage maka maki. Sa'ar tana zuwa ne kafin ka yanke shawara, kana kallonta da idonka, don haka in ka faɗi ka san inda ka yi sakaci. Mutum biyu zuwa huɗu ke yin sa, daidai da ku.

Ɗan Nazari:

Ni kuma zan ambaci Pandemic na Matt Leacock, na 2008, inda ku huɗun za ku haɗa kai ku nemo maganin cututtuka huɗu kafin su mamaye birane 48 da ke kan allon. Amma ina jan kunnenka, Malam: a irin wannan wasa wanda ya fi kowa nazari yakan karɓe ragama, ya riƙa faɗa wa kowa inda zai je, sauran su zama 'yan kallo. Mu sai da muka yi dokar cewa ba a ba mutum shawara a lokacinsa sai ya nema.

Mai Allo:

Na gode ƙwarai. Baba, tambayarka ta sa na tuna cewa tayi biyu kawai ya yi, kuma dukanmu muka ƙi, saboda mun saba jin tsoronsa ko da yana baya. Wannan laifinmu ne, zan kuma faɗa masa. Za mu gwada Azul a mako mai zuwa, Pandemic kuwa sai mun amince da dokar da Ɗan Nazari ya ambata tukuna.