Ana sauke darussana ba tare da an biya ba

Mai_Keken_Ɗinki:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da darussan yankan kaya a PDF a shafina na WordPress (manhajar gina shafin intanet), kowanne naira 2,000. Jiya ƙanwata ta turo min linkin darasina daga wani gurup na WhatsApp. Ina dannawa ya sauka tsaf, ba rajista ba biya. Fayilolin suna wp-content/uploads, foldar da WordPress ke ajiye abin da aka ɗora. Na taɓa canza musu suna zuwa dogayen haruffa, kwana biyu linkin ya koma yawo. Don Allah ya zan yi?

Ɗan_Sabar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Canza suna ɓoye makulli ne ƙarƙashin tabarma. Duk abin da ke cikin uploads a buɗe yake, Google ma yana kwashe PDF. Rubuta site: da adireshin shafinki, ki ƙara filetype:pdf, ki sha mamaki.

Ki fitar da fayilolin gaba ɗaya daga public_html, wato babbar foldar shafin da ke buɗe ga intanet, ki ajiye su a foldar da ke samanta, inda burauza ba ta kaiwa. Sai ƙaramin rubutun PHP, yaren shirya manhaja da WordPress ke aiki da shi, ya duba ko mutum ya shiga asusunsa kuma ya biya, sannan ya miƙa masa fayil ɗin. In ba za ki iya fitar da su ba, sa fayil ɗin dokoki mai suna .htaccess a foldar, ki rubuta Require all denied a cikinsa, wato a hana kowa shiga. Wannan in manhajar sabar da shafinki ke kai Apache 2.4 ce ke nan. Wata manhajar sabar mai suna Nginx kuwa ko kallon .htaccess ba ya yi, don haka fara tambayar masu hostin ɗinki wanne suke amfani da shi.

Ummu_Shago:
Da WooCommerce, manhajar buɗe shago a WordPress, kike sayarwa? Duba hanyar saukewa a saitin kayayyaki. In tana kan Redirect only, nan ɓarakar take, ainihin adireshin ake nuna wa mai saye. Ni ma haka na yi ta asara wata uku ban sani ba. Mayar da ita Force downloads, wadda ke ɓoye adireshin, ki sake ɗora fayilolin daga shafin kayan don su shiga woocommerce_uploads, ki goge tsofaffin. Iyakance saukewa zuwa sau uku.

Ɗan_Sabar:
Amma fa wanda ya riga ya sauke zai iya tura fayil ɗin kansa. Ni lambar wayar mai saye nake bugawa a kowane shafi, mutum sai ya yi tunani kafin ya watsa.

Mai_Keken_Ɗinki:
Wallahi Redirect only ce, Anti. Na canza, tsohon linkin ya mutu bayan na goge. Malam, wannan buga lambar da wace manhaja ake yi?