Abin da aka tsayar a hirar sansanin Agadas

Hirar da muka yi ta faro ne daga sansanin sojan sama na 201 da Amurka ta gina a Agadas, inda jirage marasa matuƙa suka fara tashi a 2019, aka kuma tattara komatsai a watan Agustan 2024. Daga nan aka taɓo abubuwa uku: yadda ake fita zanga-zanga, yadda za a san abin da ake ɓoyewa a irin wannan sansani, da inda za a samu sabon kiɗa.

Kan zanga-zanga, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fita da buƙata guda, kamar yadda aka yi a Yamai da Agadas a watan Afrilun 2024: sojojin Amurka su tafi, shi ke nan. Kwalaye masu buƙatu barkatai sukan raba kan jama'a. Kowa ya riƙe ruwan sha da katin shaida, ya kuma gaya wa na gida inda ya nufa.

Batun sirri ne ya fi ɗaukar lokaci. Masu jin kansu gwanaye suka ce ai hoton titin jirgi daga nesa ba laifi, amma dattawan zaman suka taka musu birki. Kada a ɗaga waya a bakin shingen soja, ko da wasa. Mai son sanin abin da ake ɓoyewa ya bi takardun kasafin kuɗin majalisar Amurka da rahotannin 'yan jarida, can ne aka fara jin labarin ginin. Ni ma nan na tsaya, domin jita-jitar WhatsApp ta ishe mu.

Masu neman sabon kiɗa kuwa, an ce su fara da jitar Abzinawa, Bombino da Mdou Moctar, sannan su leƙa wurin masu tura waƙa a kasuwa da katin memori.