Tasi ta sama mai aiki da batir: gaskiya ce ko talla?

Mai_Sola_Kawo:
Assalamu alaikum. Ni haɗa sola ce sana'ata, kullum ina cikin batirin lithium. Jiya ƙanina ya turo min bidiyon wani ƙaramin jirgi na kamfanin Joby na Amurka, fasinja huɗu da matuƙi, yana tashi tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu. Wai da waya za a riƙa kiransa kamar tasi. To ni da na san batirin gida ɗaya sai mu biyu muke kai shi bene muna haki, abin ya ƙi shiga kaina. Irin wannan zai iya Kaduna zuwa Abuja?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Tashi kam yana tashi, Malam. Matsalar ita ce wadda kafaɗarka ta riga ta gaya maka. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na man jirgi ya ninka na kilo ɗaya na batir fiye da sau 40. Ga shi mai yana ƙonewa jirgi na rage nauyi, batir kuwa ko caji ya ƙare nauyinsa na nan daram. Tashi tsaye da sauka su suka fi zuƙe caji, kuma dole a bar ragowa, don a sama ba a tsayawa gefen titi. Joby ya taɓa yin kusan kilomita 250 a 2021, amma gwaji ne, ba kowa a ciki. Wani ƙaramin jirgin batir, Velis Electro, wanda Turai ta ba lasisi a 2020, kujera biyu ne, tafiyar minti 50.

Baffa_Sule:
Ku dubi aljihu ma. Kamfanonin irin wannan jirgi, Lilium da Volocopter na Jamus, duk sun karye a ƙarshen 2024. Volocopter ya so ɗaukar fasinja a gasar Olamfik ta Paris, lasisi bai fito ba. EHang na Sin ya samu nasa a 2023, shi ma gajeren shawagi ne.

Maman_Ilham:
Ba wanda ya ambaci hazo! Manyan jirage ma fasa tashi suke lokacin hunturu. Ni ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline nake yabawa, masu kai jini da magani asibitoci a jihar Kaduna. Kaya kaɗan, batir ya isa.

Mai_Sola_Kawo:
Na gode. Injiniya, to ko ya iso Abuja, wace tiransifoma ce za ta cika shi kafin fasinja na gaba ya gaji da jira?