Tiyatar rage ƙiba a shekara 58: me zan sa rai da shi?

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 58, tsawona mita 1.60, nauyina kilo 118. Ina da ciwon suga shekara 12 ke nan, yanzu har an ɗora ni a kan insulin, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka sa sai a kan kujera nake salla. Likitan ƙashi ya ce ba zai taɓa gwiwar ba sai na rage jiki, shi ne ya kawo maganar tiyatar rage tumbi. Kan 'ya'yana ya rabu: wasu na cewa na girmi wannan aiki, wasu na cewa a tafi Indiya ko Masar a yi a huta. Don Allah masu sani ku faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Shekaruna sun wuce? Zan iya komawa kilo 65 da nake kafin haihuwa? Zan rabu da insulin? Mene ne hatsarin? Allah ya saka da alheri.

Likitan Fiɗa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara afuwa. Shekarunki ba su wuce ba. A 2022 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, ASMBS, da takwararta ta duniya, IFSO, sun fitar da sabbin ƙa'idoji, kuma ba su yanke wata shekara da za a ce daga nan an rufe ƙofa ba. Abin da ake dubawa shi ne ƙwarin jiki: zuciya, huhu, ƙoda, da ko mutum yana iya tashi daga kujera ba tare da an kama shi ba. Ma'auninki na BMI, wato nauyi a raba da tsawo sau tsawo, ya kai 46. Ƙa'idar ta fara ne daga 35, ko 30 ga mai ciwon suga.

Maganar kilo 65 kuwa, ki cire ta daga ranki tun yanzu, don kada aiki ya yi kyau ke kuma ki ga kamar ya gaza. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya sauke kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa, kuma waɗanda suka haura 55 sukan tsaya a ƙasa-ƙasan wannan lissafi, saboda jikinsu ba ya ƙona abinci kamar na matashi, ciwon gaɓoɓi kuma yana rage musu zirga-zirga. A wajenki hakan na nufin kilo 30 zuwa 35, ki tsaya tsakanin 83 da 88. Mafi yawansa yana zuba ne a wata shida na farko, ya ja birki tsakanin wata 12 da 18, daga baya kaɗan ya dawo. Babban binciken da aka fara a Suwidin a 1987, mai suna SOS, ya bi mutum sama da 4,000 masu shekara 37 zuwa 60. Waɗanda aka yi wa baifas, ɗaya daga cikin iri biyu na aikin da zan bayyana a ƙasa, sun sauke kashi 32 a shekara biyun farko, bayan shekara 10 suna kan kashi 25. A kilo 85 BMI ɗinki zai zama 33. Kina nan da jikinki, amma kin sauka ƙasa da 40, iyakar da yawancin likitocin ƙashi ke so kafin su canza gwiwa. Ki sani kuma gurunguntsin da ya riga ya cinye ba ya tsirowa. Zafin ne ke raguwa don kayan da ke kan gwiwar sun ragu.

Suga: waɗanda ke warkewa sarai galibi su ne masu ƙarancin shekaru, waɗanda ciwon bai daɗe ba, ba su kai ga insulin ba. Bayan shekara 12, ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikinki sun gaji, tiyata ba ta raya waɗanda suka mutu. A gwajin STAMPEDE da aka yi a birnin Kilibland na Amurka, bayan shekara biyar kashi 29 na masu baifas da kashi 23 na masu silib (ɗaya irin aikin) ne awonsu na HbA1c, wato matsakaicin suga na kusan wata uku, ya sauka zuwa 6 ko ƙasa, masu shan magani kawai kuma kashi 5. Saboda haka ki sa ran insulin zai ragu sosai, mai yiwuwa ki koma ƙwaya kaɗai, amma kada ki ɗauka an sallame ki daga asibitin suga.

Aikin iri biyu ne aka fi yi, dukansu ta ƙananan huda huɗu ko biyar da kyamara. A silib ana yanke kusan kashi 80 na tumbi a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba. A baifas ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, mai ɗaukar kamar mililita 30, a jona shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Baifas ya fi ƙarfi a kan suga, yana kuma maganin ƙwannafi. Silib ya fi sauƙin yi, amma yana iya haddasa ƙwannafi ko ya tsananta shi. A ɗaya ɓangaren, baifas ya fi jawo ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, da kalsiyam, kuma yana haramta miki magungunan ciwon gwiwa irin su diklofenak har abada. Ba a yanke wannan hukunci sai an zura kyamara ta baki an ga maƙoshi da tumbi, an kuma gwada ƙwayar cutar H. pylori an kashe ta in tana nan.

Hatsari: a cibiyoyin da suka ƙware, mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000 ke rasuwa a watan farko, kuma adadin yana ɗan hawa da shekaru da yawan cututtuka. Abubuwa uku ake tsoro: zubar jini, gudan jini da ke tashi daga ƙafa ya toshe huhu, da yoyon wurin ɗinki, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari. Alamar yoyo da ta fi saurin bayyana ita ce bugun zuciya ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, haki, ko ciwo a kafaɗar hagu. Wannan ba abin a kwana a gani ba ne, asibiti ake komawa a daren. Don gudun gudan jini ne ake tayar da marar lafiya ya taka a ranar da aka yi aikin, ana kuma yi masa allurar tsinka jini. In kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ki faɗa wa mai ba da maganin barci kafin ranar.

Anti Mai Abinci:

Mama, sannu da jiki. Dakta ya gama da lissafin kilo, ni abin da ke damuna ga masu shekarunki shi ne me ke cikin kilon da ke zuba. Ba kitse ne kaɗai ba, har da tsoka, ƙashi ma yana yin laushi, ballantana ga macen da al'ada ta ɗauke mata. Wadda ta rame amma ba ta iya tashi daga tabarma sai an ɗaga ta, ba ta ci ribar aikin ba.

Mako biyu kafin aiki za a sa ki a kan abinci ƙanƙani, kalori 800 zuwa 1,000 a yini, ba tuwo ba shinkafa ba zaƙi. Dalili shi ne hanta mai kitse tana kwance a kan saman tumbi, in ba ta motse ba likita ba zai ga wurin aiki da kyau ba. Bayan aiki, mako biyu na ruwa-ruwa: romo da aka tace, madara marar kitse, kindirmo marar suga. Mako biyu na gaba abin da aka markaɗa ya yi sumul. Sai mai laushi kamar dafaffen ƙwai, alale, farfesun kifi. Wajen mako na shida zuwa takwas ake komawa abincin gida, cokali kaɗan, ana taunawa sosai, kowane zama minti 20 zuwa 30.

Furotin ake nema, giram 60 zuwa 80 kowace rana, kuma shi ake fara ci kafin komai. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara na mililita 250 giram 8. Giram 100 na dafaffen kaza ko kifi yana ba da 20 zuwa 30. Awara da wake suna taimakawa, amma a dafa awarar a miya, kada a soya. Ki lissafa ki ga yadda kai wa 60 ke da wuya ga cikin da rabin kofi ke cika shi. Shi ya sa a watannin farko ake zuba garin madara marar kitse a cikin kindirmo. Kilishi, tsire, burodi, taliya da tuwo mai tauri su ne suka fi maƙalewa su sa amai, a jinkirta su.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne kunu, koko, fura, zoɓo da shayi mai kauri. Suna wucewa sulum ba sa cika ciki, mutum ya yi ta kurɓa yini guda yana cewa ai ba ya cin komai, alhali sikeli ya tsaya. Ga mai baifas kuma zaƙi yana afkawa hanji kai tsaye: cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa, ko bayan awa ɗaya zuwa uku suga ya faɗi har jiki na rawa. Zuma ma haka take yi. Lemon kwalba mai gas a bar shi gaba ɗaya.

Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, wato leda uku ta fiya wata, a lokacin bazara fiye da haka. Ba a kwankwaɗa, kurɓi-kurɓi ake yi daga asuba zuwa dare, a dakata minti 30 kafin cin abinci da minti 30 bayansa. Rashin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko. Tafiya kullum tun daga makon farko, bayan mako shida kuma a ƙara motsin ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako: tashi da zama a kujera sau goma, ɗaga gorar ruwa, jan roba. Gashi zai zuba tsakanin wata na uku da na shida, ya dawo. Fata kuwa a wannan shekaru ba ta komawa. Za ta saki a damtse, ciki da cinya, sai a kula da wankewa da busar da lanƙwasarta don gudun ƙaiƙayi.

Maman Tagwaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Kilo 85 ma in zan yi sujada a ƙasa ai alhamdu lillahi. To magungunan da nake sha fa? Kuma azumi, zan iya?

Malam Na Famasi:

Hajiya, ranki ya daɗe, wannan tambaya tana da muhimmanci, don suga yana sauka tun a kwanakin farko, kafin a ga wata rama. Wanda ya ci gaba da insulin yadda ya saba, ko ƙwayar gilibenkilamaid da aka fi sani da Daonil, suga na iya faɗuwa ya sume. Ragin yana farawa tun a mako biyun nan na kafin aiki, kuma likitan suga ne zai rubuta adadin, ke kuma kina gwadawa sau huɗu a yini. Haka maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari: in kina jin jiri da kin miƙe tsaye, a auna a rage. Ƙwayoyin da aka rubuta SR ko XR a kwalinsu, wato masu sakin magani a hankali, ba a daka su, kuma bayan baifas ba sa narkewa yadda ya kamata, sai a sauya su.

Diklofenak, ibufurofen, Feldene, da haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, duk suna iya haifar da gyambo a bakin ɗinkin, ya yi jini ko ya huje. Farasitamol ne naki. Za a ba ki omefirazol, maganin rage asid na ciki, na wasu watanni, da yawan likitoci kuma suna ƙara ursodiyol na wata shida, saboda saurin rama yana tara duwatsu a matsarmama.

Abin sha na har abada: cikakken haɗin bitamin kullum, kalsiyam sitiret miligiram 1,200 zuwa 1,500 a raba kashi biyu ko uku, don hanji ba ya ɗaukar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, bitamin D kimanin 3,000 IU, B12 ƙwaya kullum ko allura duk wata uku, ayon gwargwadon abin da gwaji ya nuna. A bar awa biyu tsakanin ayon da kalsiyam, kuma kada a sha ayon da shayi. Gwajin jini a wata 3, 6 da 12, daga nan duk shekara, da awon ƙarfin ƙashi bayan kamar shekara biyu. Ƙarancin B12 yana kawo dindiris a ƙafa da mantuwa, kuma ga mai suga da shekaru sai a ɗauka ciwon ne ko tsufa, a bar shi ya yi nisa. Amai da ya ƙi tsayawa kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, wanda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. A je a yi allurarsa, kuma a ba da ita kafin a ɗaura ruwan gulukos. Ki lissafa kuɗin waɗannan duka na shekara kafin ki amince da aikin.

Likitan Fiɗa:

Azumi: yawancin likitoci suna ba da shawarar a ajiye shi a shekarar farko, don cikin ba zai iya ɗaukar ruwa da furotin na yini guda tsakanin magariba da sahur ba, ga kuma insulin. Ki tuntuɓi malami kan ramuwa ko ciyarwa. In an tsara aikin jim kaɗan bayan ƙaramar salla, za ki sami kusan wata 11 kafin wani Ramadan, sannan likitan suga ya duba ko za ki iya.

In ƙasar waje za a je, kada a sayi tikitin dawowa na kwana uku ko huɗu. Yoyo yakan bayyana a mako biyun farko, doguwar tafiya a jirgi kuma tana ƙara hatsarin gudan jini. Ki tambayi asibitin aiki nawa irin wannan suke yi a shekara, ko suna da sashen kulawa ta musamman, da wanda za a kira in matsala ta taso. Ki karɓo takardar bayanin aikin da aka yi miki da jerin magunguna. Kafin ki tashi kuma ki riga ki sami likitan fiɗa, likitan suga da masanin abinci a gida waɗanda suka yarda za su ci gaba da duba ki, a rubuta ranar ganinsu ta farko tun kina nan.