Musayar Waƙa: Watan Maris a Tsaunukan Atlas

Baban Zainab, daga Marakesh

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk wanda ya zauna a gindin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko ya san cewa watan Maris ba ya riƙe alkawari, domin daga nan cikin gari ana hangen dutsen Tubkal mai tsawon mita 4,167, kuma saboda dusar ƙanƙara kamanninsa na yau ba su ne na jiya ba. Na buɗe da ƙwar huɗu, amsa-amon "wa", wanda zai tanka ya riƙe shi.

Da sunan Allah mai juya zamani,
Mai saukar da ruwa, mai kawo rani,
Nake fara waƙar abin da ya dame ni,
Watan Maris ne mai yawan sauyawa.

Da hantsi rana ta fito da haske,
Muka tuɓe rigar sanyi muka sake,
Kafin la'asar hadari ya turnuƙe,
Iska ta taso tana ta kaɗawa.

A ƙasa furen lemo ya ƙamsasa gari,
A sama an rufe hanya tun asubar fari,
Motocin garin Warzazat sun yi dogon jeri,
A mashigin Tishka suna jiran sharewa.

Ni dai a ganina wannan wahala ce,
Da safe mura, da yamma masassara ce,
Mai cewa alheri ne, hujjarsa mece ce?
Ya zo ya faɗa, muna saurarawa.

'Yar Gaya, daga Miknas

Wa alaikumus salam, Baba. Na karɓi amsa-amon, amma ban karɓi hukuncin ba. Manyan kogunan ƙasar nan, Ummu Rabi'a da Sebu da Muluya, daga tsaunukan Atlas suke fitowa, kuma ba mu manta ba cewa bayan fari na shekaru a jere, wanda ya rage dabbobin ƙasar da kashi 38 cikin ɗari idan aka kwatanta da 2016, Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a a watan Fabrairun 2025 da su haƙura da yankan layya a wannan shekarar.

Baba, ka yi haƙuri 'yarka ta tanka,
Ruwan da kake sha a cikin gidanka,
Da mai shayar da zaitun ɗin unguwarka,
Daga farin dutsen can yake gangarowa.

Ruwan sama mai ƙarfi gudu yake,
Ya kwashi ƙasar gona ya bar ta a wanke,
Ita dusar ƙanƙara zaune take,
Sai Afrilu da Mayu take narkewa.

Rumbun ruwa ne Allah Ya kafa a sama,
Ana ɗiba kaɗan-kaɗan ba a gama,
Sha'ir ya sha, haka nan alkama,
Har lokacin da zafi ke tsanantawa.

Ka tuna shekarun da tsauni ya bushe,
Fari ya bi garken tumaki ya kashe,
Har Sarki ya ce a bar layya a ƙarshe,
Don abin yankan ya kusa ƙarewa.

In motar kaya ta kwana a hanya,
Gobe za ta wuce, direba ya sha wuya,
Amma in kogi ya ƙafe, ina dabara, Baba, ka gaya
Mana inda za mu je mu yi ɗibowa.

Ɗan Tasawa, daga Ifran

Gaisuwa ga Baba da Yaya. Ni ina zaune a Ifran, garin da ke bisa tudu mai kimanin mita 1,650, inda aka auna sanyin da ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifiri a watan Fabrairun 1935, saboda haka dusar ƙanƙarar da ku kuke hange daga nesa, mu a bakin ƙofa muke share ta da shebur. Ina bayan Baba, amma da wata hujja dabam da tasa.

Yaya, zancenki na ruwa gaskiya ne,
Amma lokacin saukar abin dubawa ne,
Ta Janairu alheri, kowa shaida ne,
Ta ƙarshen Maris ita ke cutarwa.

Ɗumin 'yan kwanaki kan ruɗi itace,
Ya fid da fure kafin lokaci ya dace,
Dare ɗaya na jaura duk ya lalace,
Mai tuffa a Midelt ya rasa na sayarwa.

Makiyayi ya ga ciyawa ta yi kore,
Ya hau da tumaki, 'ya'yansu na tare,
Guguwa ta ritsa su a fili da dare,
Da safe ƙanana ba sa motsawa.

Malam na Fas

Allah Ya yi muku albarka, kowannenku ya kama gefen zancen da ke kusa da shi. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, don haka hadari guda yakan zubar da ruwa a Marakesh, ya zubar da dusar ƙanƙara a ƙauyen Imlil da abin da ke samansa, a yini ɗaya.

Ku saurara, 'ya'yana, ku ji dalili,
Iska biyu ce ke kokawa a fili,
Ɗaya Tekun Atlantika ne nata asali,
Ɗaya daga Sahara take tasowa.

Ta teku tana tafe da laima da sanyi,
Ta tarar da tsauni, hawa dole ta yi,
Tana hawa tana hucewa, gajimare ya yi nauyi,
A ƙasa yayyafi, a sama daskarewa.

Ta hamada, shargi suke kiranta,
Ta tsallako tsauni da ƙura a bayanta,
Tana gangara tana ƙara zafinta,
Farin dutse ya hau zagwanyewa.

Abin tsoro shi ne ruwa bisa ƙanƙara,
Mai ɗumi ya sauka, narkewa ta fara,
Kwarin Urika ya cika yana ƙara,
Gada da shuka duk yana kwashewa.

Game da makiyayin da ɗana ya ambata kuwa, mutanen Amazig na waɗannan tsaunuka suna da tsohuwar ƙa'ida ta hana kiwo a makiyayar sama. Ta Ukaimeden, alal misali, ana rufe ta ranar 15 ga Maris, ba a buɗewa sai 10 ga Agusta.

Shi makiyayin naka ya saɓa al'ada,
Mutanen tsauni sun daɗe da ƙa'ida,
A rufe makiyayar sama, kowa ya yarda,
Sai ciyawa ta zub da iri ake buɗewa.

Ɗan Tasawa, daga Ifran

Allah Ya gafarta Malam, na ji, amma ina da ƙaramin uzuri a madadinsa.

Malam, ƙa'idar nan ban musa ba,
Amma ba son rai ya kai shi sama ba,
Sha'ir ya yi tsada, harawa ba ta isa ba,
Yunwar garke ce mai ingizawa.

Kuma ba makiyayar da aka rufe ya shiga ba,
Gangaren bayan gari ne, bai yi nisa ba,
Da safe sama wasai, bai ga alama ba,
Kafin ya juyo hanya na ɓacewa.

Baban Zainab, daga Marakesh

Batun ruwa na bar wa 'yata, ta kayar da ni a nan. Batun asarar masu lambu kuwa har yanzu ba ta amsa ba.

'Yata, kin ci ni a zancen kogi,
Amma ɗan'uwanki ya zo da ƙorafi mai ƙugi,
Mai tuffar nan da ya rasa ko na magi,
Me za ki ce masa na kwantarwa?

'Yar Gaya, daga Miknas

Baba, ba kwantar da hankali yake buƙata ba, dabarar aiki yake buƙata, kuma masu lambu sun san ta. Ba a cikin guguwar furen ke mutuwa ba, sai a daren da ya biyo bayanta, lokacin da gajimare ya watse, iska ta tsaya, zafin ƙasa ya tsere sama, sanyi kuma ya gangaro ya taru a ƙasan kwari saboda nauyinsa.

Ƙanena, daren da taurari suka yi yawa,
Iska ta kwanta, ba ganye mai kaɗawa,
Shi ne daren da mai lambu ba ya kwantawa,
Ya kunna tattaka, hayaƙi na lulluɓewa.

Wanda ya dasa a gangare ya fi tsira,
Na ƙasan kwari shi sanyi ke jira,
Wasu sun shimfiɗa raga don tare ƙanƙara,
Wasu sun koma iri mai jinkirin furewa.

Ragar tana da tsada, wannan na sani,
Ƙaramin manomi sai bashi ko jingina ya yi tunani,
Ƙanena, ka tambayo mana a ƙauyukan tsauni,
Nawa ake sayar da ita, kuma wa ke tallafawa.