Ficewar Nijar daga rundunar Tafkin Chadi, wa ya yi asara?

Dan_Jibiya:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin harkar tsaro ku ɗan warware min wani abu. Na san Nijar da Mali da Burkina sun bar ECOWAS a Janairun 2025 sun koma ƙawancensu na ƙasashen Sahel wato AES, wannan siyasa ce na gane, to amma ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta MNJTF mai yaƙi da Boko Haram a Tafkin Chadi a watan Maris na 2025 ita ce ta ɗaure min kai, Boko Haram ai ba ruwanta da wanda ke mulki a Yamai. Wa zai riƙe ɓangaren Diffa kenan? Ko dama rundunar suna ce kawai?

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam. Ba suna kawai ba ce gaskiya. Hedikwatarta na Njamena, an kasa ta shiyya huɗu, Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, ɓangaren Najeriya a Monguno, sai Diffa a Nijar. Amfaninta shi ne musayar bayanan sirri da kuma damar bin ɗan ta'adda ko ya tsallaka iyaka, don su yaran nan dabararsu kenan, su buga a Borno su haye kogin Komadugu su huta a ɗaya gefen, ko su shige tsibiran tafkin inda mota ba ta zuwa sai kwale-kwale. Sojojin Nijar na nan a Diffa ba su tafi ko ina ba, abin da ya ragu shi ne tsarin aiki tare. Hujjar da suka bayar ita ce za su maida hankali kan tsaron rijiyoyin mai da bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gabar tekun Benin. Kuma ka tuna ko Chadi sai da shugabanta Mahamat Deby ya yi barazanar fita bayan an kashe masa sojoji kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024, yana cewa an bar shi shi kaɗai da wahala.

Ba_Maradi:
Malam Sabo ka faɗi gaskiya amma ka tsallake farkon labarin. Ku a Najeriya kuna mantawa da sauri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wa ya ba mu mako guda ko a kawo muna yaƙi? Wa ya yanke muna wuta ya rufe iyaka har magani ya yi wuya, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo? Mu nan Maraɗi da idonmu muka ga manyan motoci jere a hanyar Dan Issa albasa na ruɓewa a ciki direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Ba don su Sarkin Musulmi da malamai sun shiga tsakani ba Allah kaɗai ya san inda za a tsaya. Wanda ya ɗaga maka takobi jiya yau ka ba shi sirrin sojanka? Sai a hankali ɗan uwa.

Hajiya_Tangaza:
Ɗan uwana na Maraɗi takunkumin nan mu ma ya ci mu, rabin dangina a Ƙonni suke, kuma sanatocin arewa ai sun fito sun ce ba su yarda da yaƙin ba. Amma an cire shi tun Fabrairun 2024, an buɗe iyaka. Ni abin da ke damuna Lakurawa ne. Ku kuna maganar Tafkin Chadi mu nan Tangaza da Gudu mutanen nan kan babura suke shigowa su karɓi zakkar shanu da ƙarfin bindiga su hana samari jin waƙa a waya, in soja sun matso su sulale ta dajin iyaka. Iyakar nan kusan kilomita 1,500 ce, yawanci fili ne fetal ba shinge ba komai. Shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ya fito a Disambar 2024 da Hausa ma yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, su suna cacar baki mu ana kora mana dabbobi.

Malam_Sabo:
Hajiya Allah ya kawo sauƙi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa Rasha za ta cike gurbin. Faransa ta kwashe nata a Disambar 2023, Amurka ta bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadez a 2024, 'yan Rashan da suka iso Yamai masu horaswa ne ba masu sintiri a Diffa ba. Rundunar AES mai mutum 5,000 da aka sanar kuma hankalinta na can iyakoki uku na Nijar da Mali da Burkina wajen Tillaberi inda wuta ta fi ci. Gabas da kudu dole sai da Najeriya, su ma sun sani, shi ya sa Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai a Agustan 2024 aka karɓe shi, Tuggar, ministan harkokin wajen Najeriya a lokacin, shi ma ya je a Afrilun 2025.

Ba_Maradi:
Ziyara ai ba ta ƙarewa Malam, hoto ne da shan shayi. In ana son a gane da gaske ake a fara sintiri tare tsakanin Illela da Ƙonni mu gani a ƙasa.

Dan_Jibiya:
Na gode ƙwarai. Hajiya wai har yanzu ana cin kasuwar Tangaza kuwa ko mutane sun daina zuwa?