Shin Daga "Hatsari" Turawa Suka Samo "Hazard"?

Ɗan Kurmi: Jama'a, yau wani ɗan boko ya yi mini dariya a bainar jama'a don na ce Turawa sun sace kalmarmu ta hatsari, suka murɗe ta ta koma "hazard". Lafazi ya yi kama, ma'ana ɗaya ce, to me ya rage? Matsalarmu ita ce ba mu yarda cewa wani abu nagari zai iya fitowa daga gidanmu ba.

Malamar Turanci: Malam, kalmar tana cikin Turanci tun wajen 1300, kimanin shekara 600 kafin sojojin Ingila su ci Kano a 1903. Daga Faransanci ta shigo, kuma a farko sunan wata caca ce da ake yi da ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo irin na wasan ludo. Sai a ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar kasada, tunda mai caca bai san abin da jifarsa za ta haifar ba.

Almajirin Zaure: Ni kalmar "sace" ce ta tsaya mini a rai. Idan aron kalma sata ne, to mu ma sai mu amsa laifi, domin hatsarin nan daga "khaɗar" ta Larabci muka samo shi, kamar yadda harafin ɗa na Larabci ya ba mu ɗibbu da tsibbu.

Ɗan Kurmi: A'a Malam, da bambanci. Mu ta hanyar karatu da addini muka karɓa, su kuwa da bindiga suka zo, kuma wanda ya zo da bindiga ba a kiran abin da ya ɗauka aro.

Malamar Turanci: Wace bindiga ce a 1300?

Bazazzage: Almajiri ya kama hanya, amma bai ƙarasa ba. Ita ma "hazard" daga Larabci take, wato "az-zahr", ƙwayar caca, ta bi ta "azar" ta Sifaniyanci. Ke nan mu da su duka a gidan Larabawa muka ci bashi.

Almajirin Zaure: Ɗan'uwa, a yi hattara. A tsofaffin ƙamus na Larabci "zahr" fure ce, shi ya sa masana ba su haɗu a kan wannan asali ba, har ma akwai tsohon labarin da ya danganta cacar da wani sansani a Siriya zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Kuma "zahr" da "khaɗar" ba tushensu ɗaya ba.

Bakatsine: Kafin a kai Siriya, a fara gyara na gida. Ni "hadari" nake rubutawa, wannan "hatsari" ƙaƙale ce kawai.

Malamar Turanci: Abin da ka rubuta, Malam, shi ne gajimaren da ke haɗuwa kafin ruwa ya sauko. Wanda kake nufi "haɗari" ne, da ƙugiya.

Bakatsine: Wayata ba ta da ƙugiya, kuma mai koyar da harshen Nasara ba ita za ta koya mini Hausar da na sha a nono ba.

Bazazzage: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. Ni dai a wurina "hazard" Balarabiyar kalma ce kamar yadda na faɗa tun farko, Almajiri ya ɗan yi gardama, Malama kuwa shekaru kawai ta lissafo mana.